Yadda za ka karanci rundunar abokin karawa tun kafin ranar gasar Warhammer

Duk wanda ya taba yin rajistar gasar Warhammer 40,000 ya san akwai wasu 'yan kwanaki tsakanin ranar da aka rufe karbar jerin runduna, wato takardar da kowa ya lissafa sojojin da zai zo da su, da ranar da za a hadu kan tebur, a yawancin gasa a cikin kwanakin nan ake bude jerin kowa da kowa ya gani. To a nan mutane suke rabuwa gida biyu. Wasu ko lekawa ba sa yi, wai ai in an hadu za a gani, wasu kuma su kwana rike da waya suna bin jerin mutum dari daya bayan daya har kansu ya dau zafi, su zo gasa jiki a sanyaye saboda sun ga wani ya kawo tankoki shida. Ni a ganina dukkansu asarar kwanakin suke yi, don abin da ake nema a jerin mutum bai wuce amsar tambayoyi uku ko hudu ba, in ka same su ka rufe wayar ka je ka yi barcinka.

Ga wanda bai san wasan ba, kananan mutum-mutumin roba ne na sojoji da tankoki da dodanni, kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila ne yake yin su, wasan ya fara fitowa a 1987, bugu na 10 kuma ya fito a 2023. Kai za ka harhada su da gam ka yi musu fenti, sannan a jera su kan tebur mai inci 44 a fadi da 60 a tsawo, ana auna tafiya da tef, ana jefa dayis mai fuska shida don a ga harbi ya samu ko bai samu ba. Kowane rukunin soja yana da farashinsa, ba na kudi ba, na lambobin da ake kira points, a gasa yawanci ana ba kowa 2000 ya hada rundunarsa da su, kuma wasa daya zagaye biyar ne, a kowane zagaye kowa da juyinsa. Duk alkaluman da zan kawo na bugu na 10 ne, in gasarka da wani bugun ake yi sai ka duba littafinsa, hanyar tunanin dai ba ta canzawa.

Kafin ka bude jerin kowa, fara karanta takardar dokokin gasar da masu shiryawa suka fitar. Na san abin da gundura, amma jeri ba shi da ma'ana in ba ka san filin da za a yi yakin ba. Duba ranar da suka tsayar da dokoki, saboda Games Workshop kan fitar da gyara lokaci-lokaci a cikin shekara, akwai Balance Dataslate mai gyara dokoki akwai Munitorum Field Manual mai canza farashin rukunai, to in gyaran ya fito bayan ranar da suka tsayar, da tsohuwar doka za a yi wasa, kai kuma kana can ka haddace sabuwa. Duba yadda za a jera gine-gine a kan tebur. Wannan babban abu ne wallahi, runduna mai harbin nesa a tebur mai karancin bango sarauniya ce, ita din dai a tebur mai cike da kangaye sai ka ga tana neman abin harbi ta rasa. Sai ka duba wane aiki aka sa a kowane wasa na gasar da yadda aka raba wajen jera sojoji, ko ta dogon gefe ne ko ta gajere ko kusurwa da kusurwa, don shi yake nuna tazarar da ke tsakaninku a farko. Da kuma lokaci, yawanci kusan awa uku ake bayarwa, wasu gasannin har agogo irin na masu chess suke sawa kowa da rabin lokacinsa.

Sai ka san cewa ba za ka hadu da kowa ba. Kusan duk gasa da tsarin Swiss ake yi, wato zagayen farko a hada mutane kara zube, daga nan kuma wanda ya ci ya hadu da wanda ya ci, wanda aka cinye ya hadu da dan'uwansa. Karamar gasa ta yini daya wasa uku ce, babba ta kwana biyu wasa biyar ko fiye. Ko da Las Vegas Open ka je ko London Grand Tournament inda daruruwan mutane suke taruwa, wadanda za ka zauna da su ba su da yawa, kuma na farko kadai za ka iya sani da wuri, shi ma in an fitar da hadin tun kafin ranar. Don haka kar ka bi mutane da sunansu. Bude manhajar da ake gasar a kanta, yawanci Best Coast Pairings ce, ka dauko biro ka yi ta jan layi kana kirga iri-iri. Nawa ne suka kawo manyan karafa zalla irin Imperial Knights ko tankokin Astra Militarum, nawa ne suka kawo taron yuyuyu irin Orks ko kananan Tyranids, nawa ne masu rugowa su sare ka irin World Eaters, nawa ne masu tsayawa nesa su yi ta ruwan wuta irin T'au, nawa ne 'yan kadan masu taurin kai irin Adeptus Custodes, sai kuma masu gudu da boyo irin Aeldari wadanda ba ka kama su sai sun ga dama. Minti ashirin ya isa wannan aikin. In ka ga layin tankoki ya fi kowane tsawo, ka san abin da za ka yi atisaye a kansa ke nan a kwanakin da suka rage, tunda jerinka ya riga ya shiga ba damar canzawa.

Yanzu a dauka an ba ka sunan wanda za ku fara da shi, ko kana tsakanin zagaye an fitar da hadi saura minti goma a fara. Ga yadda nake bin jeri, kuma ba daga sama zuwa kasa nake karantawa ba. Layin farko da nake nema shi ne wane Detachment, wato tsarin yakin rundunar, ya zaba, don mutum biyu za su iya kawo Space Marines da rukunai kusan iri daya amma salon wasansu ya sha bamban saboda wannan layin kadai, shi yake ba shi dokar musamman da dabarun da zai rika saye da CP, wato Command Points, 'yan lambobin da kowa yake samu a cikin wasa don sayen dabaru. Sai na duba jagorori da karin karfin da ya lika musu, ba ya wuce uku, kuma duk inda mutum ya kashe farashi ya lika irin wannan to a nan zuciyarsa take. Sai abin da ya maimaita. Doka ta ce ba a kawo rukuni iri daya fiye da sau uku, sai sojojin gama-gari da motocin daukarsu da ake bari har shida, to in ka ga abu sau uku a jeri ba ado ba ne, shi ne makaminsa.

Tambaya ta farko: me zan iya kashewa a nan, me kuma bai kamata in bata harsashi a kansa ba. A nan dole ka rike lissafin karfin makami da taurin jiki a ka. In karfin makaminka ya ninka taurinsa kana bukatar 2 ko sama a dayis, in ya fi shi kawai 3, in sun yi daidai 4, in bai kai ba 5, in kuma rabi ne ko kasa da rabi sai 6. Bari in nuna maka da misali. Bolt rifle na Space Marines karfinsa 4 ne, tankar Land Raider kuma taurinta 12, ranta 16. Ka yi harbi 20, wajen 13 za su samu, a cikinsu wajen 2 ne kacal za su wuce taurin tunda sai da 6, sannan sulkenta ya tare biyu cikin uku na wadannan. Wato duk wannan hayaniyar ko rai daya ba lallai ka cire ba cikin 16. Lascannon kuwa karfinsa 12 ne, da 4 yake shiga, kuma in ya shiga yana cin rai da yawa lokaci guda. To ka kirga irin wadannan manyan bindigogin nawa gare ka, ka kirga manyan karafansa nawa ne, in lissafin bai fita ba ka yarda tun daga gida cewa wannan tankar ba ta mutuwa yau, a kyale ta, a kashe kananan da suke kawo masa maki. Mutane da yawa a nan suke faduwa, sai su yi zagaye uku suna huce haushi a kan abu daya da ba zai fadi ba alhali wasu 'yan sojoji biyar suna can gefe suna tara wa mai su maki shiru-shiru.

Tambaya ta biyu ita ce wadda na fi dadewa a kanta: daga ina zai iya taba ni. Dan dambe in ya tsaya gefen fili yana kallon wanda za a hada su, abin da yake dubawa wane hannu ya daure, bahago ne ko na dama, kuma ina tsawon hannun yake kaiwa. Haka za ka yi wa kowane rukuni mai hadari, ka hada tafiyarsa da nisan makaminsa. Na masu harbi da sauki, bindiga mai inci 24 a hannun sojan da ke tafiya inci 6 tana kaiwa 30, shi ke nan. Na masu sara ne yake da dan lissafi. Dauki Ork Boyz, tafiyarsu inci 6 ce, a ka'ida in rukuni ya kara da gudu ba ya kai farmaki a wannan juyin, amma Orks suna da Waaagh! da suke kira sau daya a wasa, a lokacin suna gudu kuma su afka. Gudu dayis daya ne, farmaki dayis biyu, ka ga iyakarsu 6 da 6 da 12 wato inci 24, amma abin da aka fi samu wajen 16 ko 17 ne. In a mota suke ka kara inci 3 na saukowa. Sai ka rubuta lambobi biyun, iyaka da matsakaici, don wani lokacin dole ka tsaya inda zai iya samunka in ya yi sa'a, abin da ba ka so shi ne ka tsaya inda zai same ka ko bai yi sa'a ba.

Dayis biyu suna da halinsu da ya kamata ka haddace. Samun 7 ko sama sau 21 ne cikin 36, wajen kashi 58 cikin dari. Samun 9 ko sama sau 10 ne cikin 36, bai kai kashi 28 ba, in yana da damar sake jefawa ya haura zuwa kusan 48. Me ya sa 9 take da muhimmanci? Saboda rukunan da suke da Deep Strike, wadanda ake ajiyewa a waje su diro tsakiyar wasa, dole su sauka nesa da sojojinka fiye da inci 9, don haka farmakinsu na farko 9 suke nema. A jerinsa ka ja layi karkashin duk mai wannan dokar. A dokokin gasa ba sa shigowa zagayen farko kuma dole su shigo kafin na uku ya kare, ka ga zagaye na biyu da na uku ne lokacin tsaro. Maganinsu arha ne, wani karamin rukuni da ba ka damu da shi ba ka baza shi a bayanka, kowane soja daya yana hana sauka inci 9 kewaye da shi. Amma ka duba da kyau, wasu rukunan suna da dokar da ke ba su damar sauka kusa fiye da haka, sannan akwai Rapid Ingress, dabarar CP daya da kowa yake da ita, mutum ya sauko da rukuninsa a karshen tafiyarka kai, in juyinsa ya zo ya taka da kafarsa ya zo gabanka, inci 9 din nan ta zama labari. In ka ga mutum ya bar CP daya bai kashe ba kuma yana da manyan masu sara a ajiye, ka san me yake jira.

Haka nan ka nemi masu Infiltrators da masu Scouts, na farkon ana jera su a tsakiyar fili tun kafin a fara, na biyun suna dan matsawa gaba kafin juyin farko, duka biyun suna iya toshe maka hanya ko su hana naka zama inda ka so. Da masu Lone Operative, wadanda ba a harbinsu sai an matso cikin inci 12. Wadannan kanana ne a jeri, farashinsu kadan, ido yana tsallake su, amma su ne suke cin wasa.

Wanda ya kawo mu tambaya ta uku, ta ina yake samun maki, ni kuma ta ina nake ba shi. Wasa maki 100 ne, 50 na rike wuraren da aka yi wa alama a fili, 40 na kananan ayyuka, 10 kuma na fenti, in ka fente rundunarka ka same su a bagas. Ba wanda ya fi kisa ne yake ci ba, ana iya karkashe maka kusan kowa ka tashi da nasara. Rike wuri da lambar OC ake yi, wato Objective Control, karfin rike wuri, kowane soja da tasa, a tara na kowa a wurin wanda ya fi yawa shi ke da shi, shi ya sa sojoji goma masu OC 2 za su kwace wuri a hannun katuwar tanka. Kirga rukunai nawa yake da su masu arha da sauri wadanda zai iya aikawa kusurwa su yi aiki, in biyu ne ko uku kacal, kashe su da wuri ya fi kashe dodonsa amfani. Sannan ka juyo ka kalli naka jerin da idonsa. Kananan ayyukan nan ana iya jan su a kati kowane zagaye, ana kuma iya tsayar da biyu tun farko, to in kana da motoci da dodanni da yawa zai iya tsayar da Bring It Down mai ba da maki a kan kashe su, in jagorori ne suka yi maka yawa ya dauki Assassination mai ba da maki a kan kashe jagorori, kai da kanka ka kawo masa makin a tire. Sanin haka zai sa ka san wa za ka boye.

Batun shi mutumin kansa kuma, a nan ina ganin mutane suna wuce gona da iri. E, manhajar tana nuna gasannin da ya je da sakamakonsa, ba laifi ka duba. Abin da yake da amfani shi ne ko ya dade da wannan rundunar ko jiya ya dauke ta don an ce ita ke tashe. Lokacin da bugu na 10 ya fito a 2023 Aeldari sun yi karfin da sai da kamfanin ya yi ta rage musu, kowa ya ruga ya dauka, amma wanda ya shekara biyar da rundunar da ake cewa ta mutu ya fi ban tsoro a kan wanda ya kwafo jerin zakara bai san dalilin kowane rukuni ba. Alkaluman da ake yadawa na cewa runduna kaza tana cin kashi kaza na wasanninta labarin dubban tebura ne, ba labarin teburinka ba. In kuma babban suna aka hada ka da shi, to sai me, lissafin inci 9 bai san suna ba. Iyakar binciken dai a tsaya kan wasa, bin shafukan mutum na sada zumunta ana tono rayuwarsa ba shiri ba ne, rashin ta ido ne.

Gasar kungiya ita ce inda wannan aikin yake zama dole. A World Team Championship kowace kasa tana kawo mutum takwas, ba a maimaita runduna a cikin kungiya daya, kuma ba kara zube ake hadawa ba. Kowane bangare ya ajiye mutum daya a matsayin mai tsaro, daya bangaren ya mika masa biyu, shi ya zabi wanda zai kara da shi, a haka har a gama. Don haka tun kafin a je, kowane dan wasa yana zama ya ba wa kowane jerin abokan hamayya kimar yadda yake ganin za ta kaya, wasu da launi suke yi kore da ruwan dorawa da ja, a hada a allo daya kyaftin ya rike. A nan ana maida sakamakon kowane wasa zuwa maki 20 a raba tsakanin mutum biyu, to wani lokacin aikinka ba ka ci ba ne, ka je ka sha kashi kadan ka kawo 7 maimakon 2 don wani ya samu hadin da zai kwaso 18. Abin da ke kashe kungiya a nan shi ne cika baki, mutum ya sa kore a ko'ina don kar a ce ya ji tsoro. In ja ne ka ce ja ne.

In kana da lokaci kafin ranar, ka jera irin rundunar da ka fi tsoro a tebur, ko da kwalaye da murafen kwalba ne a madadin sojojin, ko a kwamfuta ta Tabletop Simulator, ka buga jera sojoji da zagaye biyun farko kawai ka sake, ka buga ka sake, sau daya kai ne ka fara sau daya shi ne. Ba sai ka kai karshe ba, yawancin barnar da rashin shiri ke jawowa a nan farko take faruwa.

Ranar gasa kuma kar ka ji nauyin tambaya, al'adar wasan ce kowa ya yi wa dan'uwansa bayanin rundunarsa kafin a fara, ba a boye doka. Ka gaisa da shi, ka ce dan'uwa kafin mu jera, akwai wanda yake gudu kuma ya kai farmaki? Akwai mai matsawa a cikin juyina? Akwai mai fara sara kafin nawa, ko mai saukowa kusa da inci 9, ko mai harbi ba tare da ya ga abin harbin ba? Wane ne a cikin wace mota? In Necrons ne ka tambayi yadda suke tashi bayan sun fadi, don rukunin da ka bari da soja daya zai iya dawo maka da jama'a. Kai ma ka fada masa naka tsakani da Allah, har abin da bai tambaya ba in ka san zai iya ba shi mamaki. Amsoshin ka rubuta su a 'yar takarda tare da lambobin nisan da ka fitar a gida, layi biyar ko shida, ka ajiye kusa da dayis dinka, don a wasa na uku na yini bayan awa takwas a tsaye kwakwalwa ba ta rike komai, kuma agogo ba ya tsayawa don ka tsaya bincike a waya.